Hawa da Gangara: Yadda Ake Tafiyar Keke a Tuddan Filato

Wanda ya koyi keke a Kano ko Katsina, da kilomita yake auna tafiya. In aka ce masa gari kaza kilomita 60 ne, nan take zai ce awa uku, kuma da wuya lissafinsa ya kuskure, domin ƙasar a shimfiɗe take. Ranar da ya sauke kekensa a Jos, wannan lissafi ya daina aiki. Garin kansa yana zaune ne a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga doron teku, duwatsun Shere da ke gabashinsa sun kai wajen mita 1,800, kuma duk hanyar da ta fita daga cikinsa, ko dai ta yi ta hawa da sauka a kan doron tudun, ko kuma ta kai bakin gaɓa ta zube ƙasa gaba ɗaya. A irin wannan ƙasa tambaya biyu ake yi kafin a ɗora ƙafa a kan feda: nisan nawa ne, hawan kuma nawa ne. Ta biyun ce take yanke hukunci, ita ce kuma baƙo yake mantawa.

Za ka ji ana cewa ai abin da hawa ya ci, gangara za ta biya. Ba ta biya. Ɗauki tudu mai tsawon kilomita 5. Matsakaicin mahayi zai hau shi da gudun kilomita 10 a awa, minti 30 ke nan. In ya juyo ya gangaro da gudun kilomita 40, minti bakwai da rabi sun ishe shi. Ya yi kilomita 10 cikin minti 37 da rabi, alhali a miƙaƙƙiyar hanya, da gudun kilomita 22, kusan minti 27 zai yi. A hawa ake daɗewa, gangara kuwa kafin ka ji daɗinta ta ƙare. Ga kuma iska: duk lokacin da gudu ya ninka biyu, turjiyarta ninkawa take yi huɗu, shi ya sa kaso mai yawa na ribar gangara iska ce take cinye shi. Ga yadda nake ba da shawara a yi lissafi. Ka raba nisan tafiya da 20, ka sami awoyin tuƙi. Sannan kowane hawan mita 100 ka ƙara masa minti 10. Tafiyar kilomita 80 mai hawan mita 900 za ta ba ka awa huɗu da ƙarin awa ɗaya da rabi. Ka ɗora awa guda ta tsayawa, sallah da cin abinci da faci. Wanda ya tashi ƙarfe shida da rabi na safe, sai bayan azahar zai sauka. Mai ƙarfi zai riga wannan lissafi isa, kuma babu laifi. Da gangan na saka rara a ciki, domin a nan magariba tsakanin ƙarfe shida da bakwai take yi duk shekara, kuma da ta yi, duhu ba ya jira.

Bayan jimillar hawa, sai tsaurinsa. Da kashi cikin ɗari ake auna shi: in hanya ta ɗaga mita 5 a cikin kowace mita 100, an ce kashi 5 ke nan. Kashi 2 zuwa 3 ido ba ya cika ganinsa, ƙafa ce take ba da labari, har mutum ya tsaya yana duba ko tayarsa ta sace. Kashi 5 zuwa 6 hawa ne sosai, amma ana iya zama a kai na tsawon awa in giya ta dace. Daga kashi 8 zuwa 10 numfashi yake fara gardama, kuma kilomita ɗaya a nan ta fi kilomita uku a kashi 3 cin jiki, duk da cewa tsayin da aka hau kusan ɗaya ne. Manhajojin waya irin su Strava da Komoot suna zana hanya su nuna hawanta da gangararta tun kana gida. Ka duba zanen da kyau, ka lura da inda babban hawa ya faɗo: a farkon tafiya ne ko a ƙarshe? Ka kuma sauke taswirar a cikin wayar, domin sabis yana ɗaukewa a cikin kwari. Su kansu manyan 'yan tseren duniya haka suke yi. Da aka yi gasar keke ta duniya a Kigali ta ƙasar Ruwanda a watan Satumba na 2025, karo na farko a nahiyar Afirka, abin da ya fi tsorata mahaya shi ne hawan da ya haura mita 5,000 a tseren maza, ba nisan da ya kusa kilomita 270 ba.

Yanzu keken kansa. Babu buƙatar sai ka sayi mai tsada. Mutum da kekensa da ruwansa in sun kai kilo 85, rage kilo ɗaya bai fi ya ƙara maka kashi ɗaya da ɗigo cikin ɗari na gudu a hawa ba. Kuɗin da za ka kashe neman keke mara nauyi, gara ka kashe shi a kan giya da birki da taya. Giya ce kan gaba. Yawancin kekunan tsere da ake samu a gwanjo an haɗa su ne don matasa masu gasa: ƙaramin faifan gaba haƙora 39, babban faifan baya haƙora 25. Da wannan haɗi, kowane juyin feda yana tura ka sama da mita uku. In ka canja zuwa 34 a gaba da 32 a baya, juyi ɗaya mita biyu da 'yan kai ne. A kan tudu mai tsauri, inda gudunka bai wuce kilomita 9 a awa ba, mai haɗin farko zai riƙa juya feda ƙasa da sau 50 a minti, yana danna ta da dukan nauyinsa, gwiwa tana ɗaukar wahalar. Mai haɗi na biyu zai juya kusan sau 70, ƙafarsa tana zagayawa a sake. Gudunsu ɗaya, amma bayan tudu na biyar ɗaya ne kawai zai iya tsayuwa da kyau. Idan mai gyara ya ce maka ai giya mai taushi ta ragwaye ce, ka yi masa godiya, ka ce ya saka maka ita. Ka dai tabbata hannun da ke sauya giyar baya zai iya ɗaukar babban faifan, in ba zai iya ba a canja shi tare.

Tsohon keken nan na ƙarfe mai giya ɗaya, irin su Raleigh da Phoenix da iyayenmu suka hau, juyinsa ɗaya ya haura mita biyar. Mutanen ƙauyukan Filato suna hawansa da buhun masara a kariya, kuma in sun zo tudu sai su sauka su tura, ba tare da wata damuwa ba. Ka koyi wannan daga gare su. Turawa ma tafiya ce.

Taya kuwa, ka nemi mai faɗin milimita 28 zuwa 32 in firam ɗin zai ɗauka. Siririyar taya mai milimita 23 ta kwalta mai santsi ce, hanyoyin karkara kuwa gargada da faci da tsakuwa ba sa rabuwa da su. Kada a ɗura iska har taya ta zama dutse. Ga mai matsakaicin nauyi, 60 zuwa 75 a ma'aunin masu faci ya wadatar. In ta yi yawa keke zai riƙa tsalle a kwana, in ta yi kaɗan bakin rami zai matse tiyub ya huda shi wuri biyu. Sirdi kuma ka ɗaga shi yadda in ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka za ta miƙe sosai. Sirdin da ya yi ƙasa shi ne yake kawo ciwon gaban gwiwa a hawa.

Shi hawa, a gindin tudu ake cin nasararsa ko a faɗi. Ƙarfin ƙafa kamar hatsin rumbu ne, wanda ya yi wadaƙa da shi da kaka, bazara za ta same shi hannu wofi. Sabon mahayi yana ganin tudu sai ya ɗauko gudu ya afka masa, kafin rabi numfashi ya ƙare. Kai ka fara da abin da kake ganin ya yi maka kaɗan. Ma'auninka magana: in za ka iya amsa gaisuwa da cikakkiyar jimla, kana daidai, in sai dai ka ɗaga hannu, ka wuce gona da iri, ka rage. Ka sauya giya tun kafin feda ta yi nauyi, kana ɗan sassauta ƙafa a daidai lokacin da sarƙa take tsallakawa, domin sauya giya ana tsaka da dannawa shi yake tsinka sarƙa. Ka zauna a sirdi, hannu a saman kan keke, kafaɗa a sake, ƙirji a buɗe. Tsayuwa a kan feda tana da amfani a ɗan guntun wuri mai tsauri, ko don jini ya zagaya, amma tana cin numfashi, kada ta wuce 'yan daƙiƙu. Kada ka riƙa karkacewa hagu da dama don rage tsauri a hanyar da motoci suke bi. In kuma ka kai ƙoli, kada ka tsaya cak a kan kwana. Ka wuce zuwa inda mai tahowa daga kowane ɓangare zai hango ka. Wanda ya zo daga ƙasa mara tudu zai ji numfashinsa ya ɗan gajarta a kwanakin farko, saboda iskar wannan tsayi ta fi ta bakin teku sauƙi da fiye da kashi goma cikin ɗari. Kwana biyu ko uku na gajerun tafiye-tafiye suna daidaita shi.

Hawa gajiyarwa yake yi. Gangara ce take kai mutum asibiti, kuma a kanta nake so mai karatu ya fi tsayawa. Kafin ka fara sauka, ka matsa birki biyun ka ji sun kama, ka duba robarsu ba ta cinye ba, ka tabbata wili a ɗaure yake. Ka san wane hannu ne na birkin gaba, domin kekunan gwanjo daga ƙasashe daban-daban suke zuwa, wasu na gaba a dama yake, wasu a hagu. Birkin gaba shi ne mai tsayar da keke. Na baya taimako yake yi, in ka matse shi da ƙarfi taya za ta ja ƙasa ta zame. Ka riƙa matsa su tare, a hankali, ka ja jikinka baya a kan sirdi, hannuwa a cikin lanƙwasar kan keke inda yatsu suka fi samun ƙarfin riƙo. A doguwar gangara kada ka ɗora yatsa a kan birki ka bar shi yana gogawa tun daga sama har ƙasa. Ƙarfen wili zai yi zafi, roba ta daina kamawa, tiyub ma yana iya fashewa. Ka matsa sosai gudu ya ragu, ka saki ya sha iska, ka sake matsawa. In ka ji ƙauri, ka tsaya ka bar shi ya huce. Birki mai faifai ma yana zafi, kada ka taɓa faifan da hannu bayan sauka.

A kwana, kafin a shiga ake rage gudu. Da ka shiga, ka saki birki, fedar da ke wajen kwana tana ƙasa ka taka ta da nauyinka, idonka a inda kake son fita, domin keke inda ido ya kalla yake bi. Wanda ya ƙura wa rami ido, cikinsa zai faɗa. Ka tsaya a hannunka na dama ko da ba ka jin ƙarar mota, saboda a kwanar dutse direban da ya kauce wa gargada yana iya ɓullowa a hannunka. Sannan ka tuna hanyar karkara ba ta mota kaɗai ba ce. Akwai yashin da ruwan sama yake tarawa a daidai cikin kwana. Akwai masara da rogo da aka shanya a gefen kwalta. Akwai tudun rage gudu da mutanen gari suka gina a bakin kasuwa ko makaranta, sau da yawa ba fenti ba alama, kuma yakan zo ne a ƙarshen gangara. Akwai akuya, akwai yaro da zai tsallaka da gudu. Ƙa'idar da ban yarda a karya ba ita ce, kada gudunka ya wuce wanda za ka iya tsayawa a cikin nisan da idonka yake gani. Hular kwano kuwa ba a ko tattauna ta, a ɗaure igiyarta a haɓa.

To, ina za a bi? Mai farawa ya nufi kudu, daga Jos zuwa Bukuru, wajen kilomita 15 ta cikin gari, ya karkata zuwa yankin Kuru da Vom. A Vom ne cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take tun 1924, a Kuru kuma cibiyar nazarin manufofi da dabarun mulki da aka kafa a 1979. Ƙasar nan tuddai ne masu sauƙi, ɗaya bayan ɗaya, ga gonakin Birom da shingen ƙerana, ga manyan duwatsu a ɗore kan juna. Zuwa da dawowa aikin safiya ɗaya ne, kuma ya isa ya koya maka sauya giya. Za ka ga tafkuna masu ruwa shuɗi ko kore a gefen hanya, da tsibin jar ƙasa kusa da su. Ramukan haƙar kuza ne da aka bari tun zamanin da kamfanonin Turawa suke aiki a nan. Komai zafin da ka ji, kada ka shiga wanka a cikinsu. Bakinsu a tsaye yake, zurfinsu ba ya ganuwa, kuma sun ci rayuka.

Hanyar da na fi so ita ce ta Pankshin. Daga Mararrabar Jama'a ka ɗauki hannun da ya bi ta Heipang, inda filin jirgin sama yake, ka wuce Barikin Ladi, ka sauka Mangu, ka bi ta Panyam mai gonar kifi, sannan ka hau zuwa Pankshin, ƙasar Angas. Kusan kilomita 120 ce daga Jos. Babu wani hawa guda mai ban tsoro a rabin farko, sai dai tuddan ba sa ƙarewa, kuma fili ne fetal, iska tana samun ka yadda take so. Wahalar tana jira ne a ƙarshe, lokacin da ƙafa ta riga ta gaji, domin Pankshin a cikin duwatsu take. A nan lissafin da muka yi a baya yake nuna amfaninsa. Wanda bai taɓa yin kilomita 100 ba ya raba ta kwana biyu, ya kwana a Mangu. Ya kuma sani cewa ranar Juma'a kasuwar Mangu take ci, manyan motocin masara da dankalin Turawa suna cika hanya tun safe. Ladan wannan tafiya yana kusa da ƙarshenta: gonakin da aka daddatsa a jikin dutse da jerin duwatsu don riƙe ƙasa, da acca in ta yi kore, da sanyin da yake saukowa tun la'asar.

Hanyar Bauchi darasi ce ta daban. Wajen kilomita 130 ce, ta Tilden Fulani da Magama Gumau da Nabardo, kuma tsakanin Jos da Bauchi akwai saukar kusan mita 600. A takarda kamar kyauta ce. Amma gabas maso arewa ta nufa, daga can kuma iskar hunturu take busowa, saboda haka daga Disamba zuwa Fabrairu mai zuwa Bauchi yana gangara ne iska tana tura shi baya, mai dawowa kuma yana hawa tana taimakonsa. Ga zafi: kowace saukar mita 100 tana ƙara ɗumi da fiye da rabin digiri, wanda ya bar Jos da rigar sanyi zai shiga Bauchi yana neman inuwa. Kwanonin Panshanu su ne wurin da za a natsu. Hanya ce ta motocin haya masu gudu, shi ya sa ake sammako.

Sai Hawan Kibo, a hanyar Akwanga, bayan an wuce Riyom da dutsenta da ya shahara. A nan tudun Filato yake karyewa, hanya ta sauka ɗaruruwan mitoci cikin kwana-kwana har zuwa wajen magangarar ruwa ta Assop, kilomita sittin da 'yan kai daga Jos. Kowane direba a ƙasar nan ya san sunan wurin, saboda tireloli da tankokin da birki ya ƙwace musu a kai. Ban yarda sabon mahayi ya sauka nan ba. Ƙwararre ma ya tafi da abokan tafiya, ya bar tazara mai yawa tsakaninsa da na gabansa, kunnensa a buɗe ba abin sauraron kiɗa, in ya ji babbar mota a bayansa ya sauka daga kwalta ya tsaya ta wuce. Wanda yake son gwada ƙarfinsa, hawowa ya fi masa alheri: ya sa keke a mota zuwa ƙasa, ya hau da sanyin safiya. A hawa ma akwai abin kiyayewa, kada ka laɓe a bayan tirelar da take jan jiki, kada kuma ka kama jikinta don ta ja ka. In ta mutu a kan tudu, baya take dawowa.

Game da lokaci, damina a nan tana farawa wajen Afrilu ta kai Oktoba, Yuli da Agusta su ne tsakiyarta. Hadari ya fi haɗuwa da rana ta karkata, wani lokaci har da ƙanƙara, kuma a fili irin na Barikin Ladi mahayi ba shi da mafaka daga tsawa. In ka ga gabas ta yi baƙi, ka nemi rumfa a gari mafi kusa, ba gindin bishiya ba. Jiƙaƙƙen birkin roba sai wili ya juya sau da yawa kafin ya kama. Da hunturu kuma asuba tana da sanyin da yake kashe yatsu, ga hazo da yake ɓoye ka daga direba, don haka safar hannu da riga mai haske da jar fitila a baya sun zama dole. Mafi daɗin lokaci a ganina shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba: ruwa ya ɗauke, ƙasa da sauran kore, ƙura ba ta taso ba. Sanyin Filato yana da yaudara guda, yana hana ka jin ƙishi alhali busasshiyar iska tana shanye gumi. Ka sha aƙalla ledar ruwa ɗaya kowace awa. In tafiya ta wuce awa uku, ka haɗa gora ɗaya da ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita guda. Abinci kuma tun kafin yunwa: dabino huɗu ko biyar, ko ayaba, ko dafaffen dankali, kowane minti 40. Tuwo da fura mai kauri a bar su sai an sauka.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, domin ta fi giya da birki nauyi. Ƙananan hukumomin da waɗannan hanyoyi suka ratsa ko suke maƙwabtaka da su, Riyom da Barikin Ladi da Mangu da Bokkos da Bassa, sun sha fama da rikici da zubar da jini shekara da shekaru, 2023 tana cikin mafi muni a Mangu da Bokkos. Manomi ya yi kuka, makiyayi ya yi kuka, Musulmi da Kirista duk sun binne nasu, an kuma tare matafiya da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wannan bai sa ƙasar ta zama haramtacciya ba, mutane suna bin hanyoyin nan kullum. Amma mahayin keke a hankali yake tafiya, a fili yake, ba shi da ƙofar rufewa. Kafin ka tashi, ka je tasha ka tambayi direbobin da suka shigo da safen nan. Labarinsu ya fi na waya sabunta. In an ce akwai zaman ɗar-ɗar ko dokar hana fita, ka fasa, tudu ba zai gudu ba. Kada ka tafi kai kaɗai, kada ka yi dare, kada ka bar kwalta ka shiga hanyar da ba ka sani ba, kuma ya fi kyau a cikinku akwai ɗan yankin. Ka riƙe katin shaida. A shingen jami'an tsaro ka rage gudu tun daga nesa, ka cire tabarau, ka ce, "Sannunku da aiki, Yallaɓai," ka amsa abin da aka tambaye ka, wayarka kuma tana aljihu.

Hausa za ta kai ka ko'ina a Filato, amma gaisuwa ce take buɗe ƙofa. In ka tsaya tambaya, ka sauka daga keke. "Sannu Baba, ina wuni? Don Allah hanyar nan ce take fita Panyam?" ko "Mama, sannu da aiki, akwai inda zan sami ruwa?" Da wuya a bar ka ka wuce ba a ƙara maka da labarin inda gada ta lalace ba. Kada ka ɗauki hoton mutum ko gona ko gida sai ka nemi izini, kada ka hau dutse don ka ga yana da kyau, wasu duwatsun suna da alfarma a wurin masu ƙasar. In garke yana tsallaka hanya, ka tsaya ka gaida mai shanu, kada ka ratsa tsakanin saniya da ɗanta. Kare in ya biyo ka a hawa ba za ka tsere masa ba. Ka sauka, ka sa keke tsakaninku, ka kira masu gida.

Abu na ƙarshe shi ne jakar gyara, kuma a nan ne masu keken tsere suka fi shiga uku a ƙauye. Mai faci yana nan kusan kowane gari, amma bakin famfonsa na bawul ɗin mota da babur ne, siririn bawul na keken tsere ba ya shiga. Ɗan mahaɗin tagulla da ake ɗaurawa a kan bawul ɗin bai kai girman ƙwayar gyaɗa biyu ba, ka saya ka ajiye shi a jaka. Tiyub mai girman wilinka ma ba za ka same shi a shagon ƙauye ba, ka ɗauki biyu, da faci da sholisho, da abin ɓanɓare taya, da ƙaramin famfo, da alanki mai lamba 4 da 5 da 6, da mahaɗin sarƙa guda wanda ya dace da yawan giyarka. In ka yi faci, ka shafa yatsa a cikin taya a hankali ka nemo abin da ya huda ta, domin ƙayar tsidau takan karye a ciki ta jira sabon tiyub. In taya ce ta tsage, ka ninka ledar ruwa sau uku ko huɗu ka shimfiɗa ta ciki a kan tsagar, ka rage iska kaɗan, za ta kai ka gari. Sarƙa kuma da hunturu ƙura take kwasa. Ka goge ta da tsumma bayan kowace tafiya, ka ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa, ka sake gogewa, kuma ka guji baƙin man inji. Ka ware kuɗin mota a hannu, tsaba, a aljihun da ba na abinci ba. In gwiwa ta fara suka, ko lissafi ya nuna magariba za ta riske ka a hanya, ka tsaya a gari na gaba, ka cire wilin gaba, ka yi ciniki da direba ya ɗora keken a but, gefen sarƙa yana sama don kada kaya su lanƙwasa hannun giya.